Lambar QR a Horar da Ma'aikata: Inda Take Amfani da Inda Take Ruɗi

Babbar matsalar horar da ma'aikata ba ta canza ba tun lokacin da aka fara tara mutane a ɗaki ana karanta musu ƙa'idojin aiki. Ana koyar da abu a wuri ɗaya, a rana ɗaya, sannan a buƙace shi a wani wuri daban bayan makonni ko watanni, lokacin da mafi yawansa ya riga ya zube daga kai. Masanin nan ɗan ƙasar Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna tun a 1885 cewa mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga nan ne take lafawa. Duk wanda ya taɓa zama a bitar kwana uku a zauren otal, ya karɓi jaka da biro da takardar shaida, ya san cewa idan aka tare shi bayan wata guda aka tambaye shi abin da aka faɗa a rana ta biyu da yamma, da wuya ya kawo rabi.

Wannan ne ya sa masana'antu da asibitoci da manyan kantuna suka koma manna lambobin QR, wato ƙananan zane-zanen nan masu kusurwa huɗu da ake yi wa sikanin da waya, a jikin injuna, da ƙofofi, da akwatunan kayan aiki, domin ma'aikaci ya sami bayani a daidai inda yake tsaye. Wasu kuma suka ƙara gaba, suka gina wasanni a kan lambobin, inda ake bi daga wannan wuri zuwa wancan ana amsa tambayoyi ana tara maki. Ra'ayina a kan wannan dabara shi ne, lambar ita kanta ba ta koyar da kowa komai. Amfaninta yana rataye ne ga wurin da aka manna ta da kuma abin da aka nemi mutum ya yi bayan ya buɗe ta, kuma mafi yawan ɓarnar da ake samu tana zuwa ne daga ɗaukar yawan sikanin a matsayin shaidar cewa an koya.

Yana da kyau a fara da sanin mene ne abin. Lambar da ta fara yaɗuwa a duniya ita ce mai layuka baƙaƙe da farare da ake gani a jikin kwalin magani ko kwalbar lemo. Norman Woodland da Bernard Silver ne suka sami rajistar mallakar dabarar a Amurka a 1952, amma sai a watan Yunin 1974 aka fara sayar da kaya da ita, lokacin da aka yi sikanin wani ƙunshin cingam a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio. Irin wadda ake bugawa a kayan kanti alƙaluma 12 ko 13 kawai take ɗauka, wato lambar shaidar kaya ce kurum, sauran bayanin yana cikin kwamfutar kantin. Wannan ƙarancin ne ya dami kamfanin Denso na Japan, mai ƙera wa Toyota sassan mota, domin ma'aikatansa sukan yi sikanin lambobi da yawa a jikin akwati ɗaya kafin su haɗa bayanin da suke buƙata. A 1994 injiniya Masahiro Hara da ƙaramin ayarinsa suka fito da lambar QR, mai kusurwa huɗu, wadda ke ajiye bayani a tsaye da kwance gaba ɗaya. Mafi girmanta tana ɗaukar alƙaluma 7,089, ko haruffa da alƙaluma 4,296 idan aka gauraya su.

Abubuwa biyu daga cikin ƙirarta sun shafi zancenmu kai tsaye. Na farko, murabba'ai ukun nan da ke kusurwoyinta su ne ke nuna wa kyamara inda lambar take da kuma yadda ta juya, shi ya sa ake iya karanta ta ko an riƙe wayar a karkace. Na biyu, an gina ta da tsarin gyara kuskure mai matakai huɗu, wanda a matakin ƙoli yake iya maido da bayani ko da kusan kashi 30 cikin ɗari na lambar ya lalace. An yi haka ne saboda a masana'anta aka haife ta, inda mai da ƙura da ƙarzuwa suke abin yau da kullum. Kamfanin bai nemi kuɗi a kan haƙƙin mallakarsa ba, kuma lambar ta zama ma'aunin ƙasa da ƙasa a shekarar 2000. Duk da haka ta daɗe ba ta samu karɓuwa sosai a wajen gabashin Asiya ba, har sai da Apple ya sa kyamarar iPhone ta riƙa karanta ta ba tare da wata manhaja ba a 2017, sannan annobar korona ta 2020 ta tilasta wa gidajen abinci da filayen jirgi amfani da ita. A Najeriya ma, wanda ya taɓa buɗe WhatsApp a kwamfuta ya riga ya san yadda ake yi, kuma tun a watan Maris na 2021 kamfanin NIBSS, mai kula da hada-hadar kuɗi tsakanin bankunan ƙasar, ya ƙaddamar da NQR, tsarin biyan kuɗi da lambar QR. Ke nan mai horarwa ba ya buƙatar ɓata lokaci wajen koya wa mutane sikanin, kuma wannan ne babban dalilin arhar dabarar.

Amfani na farko, wanda a ganina shi ne mafi ƙarfi duk da cewa ba shi da armashin wasa, shi ne ajiye bayani a bakin aiki. A ɗauka ma'aikaci ne a masana'antar sarrafa shinkafa, injin ɗinke buhu ya tsinke zare da tsakar dare, wanda ya san gyaran kuma yana aikin safe. Idan akwai lamba a jikin injin da ke buɗe bidiyon minti ɗaya da rabi, wanda aka ɗauka a kan wannan injin ɗin, ana nuna inda ake kashe wuta tukuna sannan hanyar da zaren ke bi, to an kawo darasin daidai lokacin da mutum ya fi kowane lokaci son ya koya. Wannan tunani ba sabo ba ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1940 da 1945, gwamnatin Amurka ta gudanar da wani shiri na horar da sababbin ma'aikatan masana'antu a bakin inji, bisa matakai huɗu: a shirya mai koyo, a nuna masa aikin, a sa shi ya gwada da hannunsa, sannan a riƙa bibiyarsa. Toyota ya ɗauki tsarin bayan yaƙi ya mayar da shi ginshiƙin horonsa. Lambar QR tana taimakawa a mataki na biyu da wani ɓangare na huɗu. Ba ta da abin da za ta yi a mataki na uku, inda dole wani ƙwararre ya tsaya ya kalli hannun mai koyo, kuma duk kamfanin da ya manta da haka ya sayi rabin horo ne da kuɗin cikakke.

Amfani na biyu shi ne wasa, kuma wanda ya fi yaɗuwa shi ne wasan bin sawu da ake shirya wa sababbin ma'aikata a makonsu na farko. Maimakon a zaunar da su a nuna musu taswirar gini a allo, sai a raba su uku-uku ko huɗu-huɗu, a ba kowane rukuni lamba ta farko, ita kuma ta tura su ga wuri na gaba: ƙofar fita ta gaggawa, akwatin taimakon farko, ɗakin ajiyar sinadarai, filin da ake taruwa idan gobara ta tashi, ofishin da ake kai rahoton haɗari. A kowane wuri akwai lamba da tambaya, kuma sai an amsa ake samun alamar wuri na gaba. A ƙarshen awa guda mutum ya taka ginin da ƙafarsa, ya yi magana da mutanen da zai yi aiki da su, ya kuma san sunan abokan rukuninsa. Gani ya kori ji, kuma wanda ya taɓa tura ƙofar gaggawa da hannunsa ya fi wanda aka nuna wa hotonta kusa da tuna ta ranar da hayaƙi ya cika sito.

Sai dai a nan ne ake rabuwa tsakanin wasan da aka yi tunani a kansa da wanda aka yi don a ce an yi. A dubi lambar da aka manna kusa da tukunyar kashe gobara. Mai shirya wasa na farko zai rubuta tambaya kamar haka: wane launi ne tukunyar kashe gobara, ja ko shuɗi ko kore? Wannan tambaya ana iya amsa ta daga kan gado, saboda haka zuwan da aka sa mutum ya yi har wurin ya tashi a banza. Mai shirya wasa na biyu zai ce a duba takardar da ke rataye a wuyan wannan tukunyar a rubuta watan da aka yi mata duba na ƙarshe, a faɗi ko allurar ma'auninta tana kan kore, sannan a yanke hukunci: idan wuta ta kama a akwatin lantarkin da ke bayanka, wannan tukunyar za ka ɗauka ko wata? Domin ya amsa, dole ya durƙusa ya karanta jikin tukunyar, ya gane ko ta ruwa ce ko ta hoda ko ta iskar kabon, ya kuma tuna cewa ba a zuba ruwa a wutar lantarki ko ta mai. Lamba ɗaya ce, wuri ɗaya, kuɗin bugawa ɗaya, amma tambaya ta biyu ce kaɗai ta yi amfani da kasancewar mutum a wurin. Ma'aunin da nake ganin ya dace a riƙa auna kowace tambaya da shi ke nan: in dai ana iya amsa ta ba tare da an kalli abin da lambar ke manne a jikinsa ba, to ba ta da dalilin zama a can.

Akwai kuma hujja daga binciken ƙwaƙwalwa da ke goyon bayan yin tambaya maimakon maimaita bayani. A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis sun ba ɗalibai gajerun rubuce-rubuce su karanta, sannan wasu suka sake karantawa, wasu kuma aka ce su rubuta abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar, waɗanda suka maimaita karatu ne a gaba. Bayan mako guda kuwa lamarin ya juya, inda waɗanda aka sa su tuno suka riƙe kashi 56 cikin ɗari, masu maimaita karatu kuma kashi 42. Darasin da ke ciki ga mai horarwa shi ne, wahalar da mutum ke sha wajen zaƙulo amsa daga kansa ita ce ke kafa ta. Haka kuma an daɗe da tabbatar da cewa koyon da aka rarraba a kan kwanaki ya fi wanda aka cusa a zama ɗaya dorewa. Wannan yana nufin wasan rana ɗaya, komai daɗinsa, bai kai a bar lambobin a wurarensu a riƙa sauya tambayoyin da ke bayansu duk mako biyu ko duk wata ba. Hakan yana yiwuwa ne idan lambar tana ɗauke da adireshin intanet da kamfani ke iya sauya abin da ke cikinsa, ba tare da an sake buga sitika ba.

Akwai wata dabara da ta juya lamarin gaba ɗaya, kuma ta cancanci a san ta a wuraren da ba kowa ke da babbar waya ba. Manhajar Plickers, wadda aka yi domin malaman makaranta amma masu horar da manya ma suke amfani da ita, tana ba kowane mai koyo kati ɗaya na takarda mai ɗauke da zane irin na QR, kuma kowane gefe na katin yana wakiltar amsa ɗaya daga cikin huɗu. Idan malami ya yi tambaya, kowa ya juya katinsa yadda gefen da ya zaɓa zai kasance a sama, ya ɗaga. Malamin ya ɗaga wayarsa ya zagaya da kyamara a kan ajin, cikin daƙiƙu kaɗan ya ga wanda ya ba da wace amsa. Katunan sun kai 63, kowanne da zanensa daban, haruffan amsar kuma ƙanana ne ta yadda na kusa da kai ba zai iya leƙen abin da ka zaɓa ba. Waya ɗaya ce ke aiki a ɗakin gaba ɗaya. Abin da ya fi burge ni a nan shi ne yadda dabarar ke magance kunya, domin a taron ma'aikata, musamman inda manya da ƙanana suke zaune tare, mutum yakan jira ya ga hannun da shugabansa ya ɗaga kafin ya ɗaga nasa, sai mai horarwa ya tashi da zaton kowa ya gane.

Batun maki da allon jerin gwanaye ya fi kowane ɓangare buƙatar taka-tsantsan, kuma shi ne masu sayar da manhajojin horo suka fi tallatawa. Tun a farkon shekarun 1970 masanin halayyar ɗan Adam Edward Deci ya nuna cewa biyan mutane lada a kan abin da suke yi don sha'awa yana iya rage musu sha'awar idan aka janye ladan. A 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa suka ga irin haka ga yara 'yan nazare masu son zane: waɗanda aka yi wa alkawarin takardar yabo sun rage yin zane da kansu daga baya, idan aka kwatanta da waɗanda ba a yi wa alkawarin komai ba. Kusa da zancenmu kuma, a 2015 Michael Hanus da Jesse Fox sun kwatanta azuzuwa biyu na jami'a a tsawon zangon karatu, ɗaya da bajoji da allon maki, ɗaya babu, suka tarar da cewa ɗaliban ajin mai bajoji sun ƙare da ƙarancin ƙwazo da gamsuwa, kuma hakan ya taɓa sakamakon jarabawarsu ta ƙarshe. Wannan ba ya nufin kowane wasa mai maki yana cutarwa, domin wasu binciken sun sami amfani, gwargwadon yanayi da irin mutanen. Amma allon da ke jera mutum arba'in daga na ɗaya zuwa na ƙarshe yana faranta wa biyar na sama ne, sauran kuma, waɗanda su ne suka fi buƙatar horon, sukan karaya su janye jiki. Gasa tsakanin rukunoni, wadda ke ƙarewa a ranar kuma a manta da ita, ta fi sauƙin illa.

Haɗarin yana ƙaruwa idan maki ya tashi daga auna koyo ya koma auna saurin aiki. A 2011 jaridar Los Angeles Times ta ba da labarin masu wanki a otal-otal na Disneyland da ke Anaheim a jihar Kalifoniya, inda aka kafa manyan alluna masu nuna sunan kowane ma'aikaci da saurinsa idan aka kwatanta da abokansa, har ma'aikatan suka raɗa wa tsarin suna bulalar lantarki, kuma aka ruwaito wasu suna fasa zuwa banɗaki don kada su koma baya. A 2019 kuma jaridar Washington Post ta ruwaito cewa Amazon ya saka wasannin bidiyo a wasu rumbunan ajiyarsa, waɗanda ke tafiya gaba gwargwadon yawan kayan da ma'aikaci ya ɗauko ko ya jera, ko da yake kamfanin ya ce shiga wasan ganin dama ne. Waɗannan ba horo ba ne, amma darasinsu ya shafi horo, saboda ma'aikata ba yara ba ne. Da zarar sun fahimci cewa makin wasan koyo yana isa teburin mai yanke hukuncin ƙarin girma ko sallama, sai su daina wasa su koma kare kansu, kuma mai kare kansa ba ya yarda ya nuna abin da bai sani ba, alhali gano abin da ba a sani ba shi ne dalilin shirya horon tun farko.

Daga nan sai babban ruɗin, wato ɗaukar sikanin a matsayin shaida. Manhaja tana fitar da rahoto mai kyan gani: mutum kaza sun buɗe lamba kaza a lokaci kaza. Abin da rahoton ya tabbatar kawai shi ne wata kyamara ta ga wani zane. Bai nuna cewa mutumin yana wurin ba, domin hoton lambar da aka tura ta WhatsApp yana buɗewa daidai da na jikin bango, kuma a wasan da ke da kyauta, rukuni ɗaya zai iya tura mutum guda ya zagaya ya ɗauko hotunan duka, saura suna zaune a inuwa. Asibitocin Amurka sun koyi wannan darasi a wurin da kuskure ke kashe rai. A can ma'aikaciyar jinya takan yi sikanin lambar da ke ɗaure a hannun majinyaci da wadda ke jikin magani kafin ta ba shi, kuma tsarin yana da amfani na gaske: wani bincike a asibitin Brigham and Women's na Boston da aka buga a 2010 ya sami raguwar kusan kashi 41 cikin ɗari a kurakuran ba da magani, ban da kurakuran ba da shi a lokacin da bai dace ba. Amma a 2008 Ross Koppel da abokansa, bayan nazarin asibitoci biyar, sun lissafa hanyoyi 15 da ma'aikata ke bi su zagaye tsarin, ciki har da manna kwafin lambar majinyaci a jikin keken magani, ko a jikin ƙofa, ko a ɗamarar ma'aikaciyar kanta, ta yadda za a yi sikanin ba tare da an je gadon ba. Abin lura shi ne masu binciken sun kuma lissafa dalilai 31, kuma da yawansu ba lalaci ba ne: lambar da ta yage ko ta jiƙe, batirin da ya mutu, sabis ɗin da ke ɗaukewa a wasu ɗakuna, da larurar gaggawa. Idan haka ta faru ga ƙwararru masu kula da rayuka, babu dalilin zaton ba za ta faru a wasan makon farko ba.

Masani ɗan Amurka Donald Kirkpatrick ya tsara matakai huɗu na auna horo tun a 1959, kuma har yau ana amfani da su: ko mahalarta sun ji daɗinsa, ko sun koyi wani abu, ko halinsu a bakin aiki ya canza, sannan ko kamfani ya ga sakamako. Wasannin lamba suna cin mataki na farko cikin sauƙi, domin kusan kowa ya fi son yawo da dariya a kan zaman sauraron lacca. Yawan sikanin kuwa bai ma kai mataki na farkon ba, rajistar halarta ce kawai. Wanda ke son sanin ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu sai ya jira makonni shida, ya tare ma'aikaci ba tare da sanarwa ba, ya ce ya kai shi ƙofar gaggawa mafi kusa, ko ya nuna masa yadda zai kashe injin kafin ya sa hannu a ciki.

Akwai kuma matsalar tsaro da ba kasafai masu shirya horo ke tunaninta ba. Idon mutum ba ya iya karanta lambar QR, saboda haka ba ya bambanta ta gaskiya da ta ɓarawo sai bayan ya buɗe. A watan Janairun 2022 hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta gargaɗi jama'a cewa 'yan damfara suna sauya lambobi domin su sace bayanan shiga asusu da na banki, kuma a daidai wannan lokaci aka gano sitikun bogi a jikin na'urorin biyan kuɗin ajiye mota a birnin Austin na jihar Texas. Kamfanin da ya cika gininsa da lambobi, ya kuma ba da maki ga wanda ya fi saurin buɗe su, yana koya wa ma'aikatansa ɗabi'ar da sashen tsaron kwamfutarsa ke ƙoƙarin hana su. Maganin ba mai tsada ba ne. A rubuta adireshin da lambar ke kaiwa a ƙarƙashinta da haruffan da ake iya karantawa, a tsaya ga adireshi ɗaya na kamfani, kada lambar horo ta taɓa neman kalmar sirri, kuma a sa duba adireshi kafin a taɓa shi ya zama ɗaya daga cikin darussan wasan. Wasu masu horarwa ma sukan saka lamba ɗaya ta tarko a cikin jerin, wadda ke kai mutum ga shafin da ke nuna masa alamun da ya kamata ya lura da su.

Sauran cikas ɗin na zahiri ne, kuma sun bambanta daga wuri zuwa wuri. A matatun mai da rumbunan iskar gas ba a shiga wasu sassa da wayar hannu ta gama-gari saboda tsoron tartsatsi, masana'antun abinci da magunguna da yawa kuma suna hana ta saboda tsafta, kuma ba hikima ba ce a sa mutum ya dunƙufar da kai a waya a hanyar da motar ɗaga kaya ke bi. Inda ma'aikaci zai yi amfani da wayarsa da datarsa, an ɗora masa kuɗin horon da ya kamata kamfani ya biya, kuma wanda ke riƙe da ƙaramar waya mai maɓallai an fitar da shi tun kafin a fara. A irin wannan yanayi waya ɗaya ta kamfani ga kowane rukuni ta wadatar, kuma lambar da ke ɗauke da rubutu kai tsaye a cikinta, ba adireshi ba, tana buɗewa ko babu sabis, sai dai ba a iya sauya ta sai an sake bugawa. A gefe guda kuma, lambar tana da wata fa'ida ga masana'antun da ma'aikatansu ba su da zurfin karatun boko: takardar gargaɗin da ta zo da injin cikin Turanci ko Sinanci ba ta amfanar mai aiki da shi, amma lamba tana iya buɗe masa muryar wani yana bayani da Hausa. Sai dai duk tsarin da ke rubuta wanda ya buɗe me, a ina, da ƙarfe nawa, yana tara bayanan mutane ne, kuma dokar kare bayanan sirri ta Najeriya ta 2023, kamar takwararta ta Tarayyar Turai da ta fara aiki a 2018, ta wajabta a sanar da mutum abin da ake tarawa a kansa da dalilin tarawar.

Abu na ƙarshe shi ne wanda aka fi sakaci da shi, wato wanda zai kula da lambobin bayan an gama bikin ƙaddamarwa. Sitika tana iya shekara biyar a jikin bango, amma abin da ke bayanta yana iya mutuwa cikin wata shida. A 2015 kamfanin Heinz ya nemi afuwa a Jamus bayan wani mai saye ya yi sikanin lambar da ke jikin kwalbar tumatirinsa ta kai shi shafin batsa, saboda gasar da aka buga lambar dominta ta ƙare, kamfanin ya bar rajistar adireshin ta faɗi, wasu kuma suka saye shi. A wurin aiki illar ta fi wannan ɓoyuwa. Kamfanoni da yawa suna ƙirƙirar lambobinsu a shafukan da ke ba da gwaji kyauta, sai wa'adin ya ƙare lambobin duka su daina aiki rana ɗaya. Mafi muni kuma shi ne lambar da ke ci gaba da aiki alhali an sauya injin ko an gyara ƙa'idar, ta yadda sabon ma'aikaci zai kalli bidiyon tsohon inji da cikakkiyar amincewa, ya bi matakan da ba su dace da wanda ke gabansa ba. Saboda haka kowace lamba tana buƙatar rajista mai nuna inda aka manna ta, adireshin da take kaiwa, sunan wanda ke da alhakin abin da ke ciki, da ranar da aka yi mata duba na ƙarshe, kuma cire tsohuwar lamba ya kamata ya shiga cikin jerin ayyukan da ake yi duk ranar da aka sauya inji ko aka sabunta ƙa'idar aiki.